Kalmar da Dakta ya rubuta wa Inna Hajo

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni wata ruga a bayan Fakuwa ba, a daminata ta biyu ina ƙaramin malamin dabbobi a Kankiya. Ƙa'idar aikinmu ita ce kafin ranar rigakafi, sai malami ya duba garke ya sa hannu cewa lafiya lau yake, sannan a haɗa shi da sauran garkuna a wuri ɗaya.

Na auna zafin jikin wasu shanu, na duba baki da kofato, ban ga komai ba. Ina shirin sa hannu sai Inna Hajo, mahaifiyar mai garken, ta ajiye ƙwaryar tatsa ta ce numfashin wata jar saniya ya sake wari tun shekaranjiya. Na yi murmushi irin na mai takarda, na sa hannu na tafi.

Da na dawo ofis na ba shugabanmu, Dakta, labari ina dariya. Dakta dattijo ne da ya yi Latin a sakandare. Bai yi dariya ba. Makullin mota ya ɗauka, muka koma. Ya kara na'urar sauraro a ƙirjin saniyar, ya saurari numfashinta. Ciwon huhu ne ya fara kama ta. Da an haɗa garkunan washegari, da shanun rugage da yawa sun ɗauka.

A rahotonsa, kusa da sunan Inna, ya rubuta kalma ɗaya: sagax. Na tambaye shi ma'anarta. Ya ce siffa ce a Latin, daga aikatau sagire, wato gano abu da ƙarfin hanci, kamar yadda karen farauta ke bin sawu. Daga baya aka riƙa faɗinta ga mutum mai saurin fahimta. Yawancin siffofin Latin suna sauya ƙarshe idan mace ake nufi, amma ban da wannan.

"Malam Sani," in ji shi, "namiji sagax, mace ma sagax."

Ya yaga takardar da na sa wa hannu, bai yi min faɗa ba.

Dakta da Inna duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Ku da kuka fara aiki yanzu, idan kun shiga ruga, kada ku buɗe jakar kayan aiki sai kun gaishe da mai tatsar shanun, kun tambaye ta abin da ta lura da shi.