Littafin da Na Sha

Ranar wata Alhamis ce, kwana uku da saukar ruwan shuka, shekara biyu bayan yunwar da ta ƙarar da shanun garinmu, yayana Aliyo ya dawo hutu daga koleji. Kamiyon da ya ɗauko shi daga Madawa ya sauke shi a Buza, sauran hanyar ya taka da ƙafa ta cikin duwatsu har ƙauyenmu da ke gefen Allakaye. Ina bakin turmi ina surfe na hango shi, takalmansa rataye a wuya don kada laka ta ɓata su, ya rungume wani abu cikin tsohon ɗankwalin Inna. Na ɗauka burodi ne, na yar da taɓarya na ruga. Da ya kwance, sai ga littafi mai shuɗin bango, an zana wata yarinya tsaye a bakin ruwa. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Jikata ce ke rubuta wannan da nake faɗa, domin ni ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, kuma yau babu wanda ya rage da zai ƙaryata ni ko ya yafe mini.

A gidanmu Aliyo kaɗai aka rubuta lakwal, shi ma ba da son ransa ba, maigari ne ya nuna shi da yatsa. A shekarar da nake faɗa aka kawo musu sabon malamin Faransanci a koleji. Suna ce masa Mushe, yadda suke ce wa kowane malami, Inna kuwa ba ta taɓa jin kalmar ba ta yi dariya ba, wai wane irin mutum ne zai yarda a kira shi mushe yana raye. Wannan malami ya tarar da wani akwatin ƙarfe cike da littattafai a ɗakin ajiya, gara ta fara lasar na ƙasa. Sai ya riƙa jawo shi gaban aji duk safiyar Asabar, ya buɗe, ya ce kowa ya ɗauki wanda ransa ya so ya karanta, ba tambaya, ba bulala. Aliyo ya ce Asabar ta farko ba wanda ya motsa, sun zaci tarko ne. Shekara tara ana gaya musu shafin da za su buɗe, ranar nan aka ce su zaɓa, sai suka tsaya suna kallon juna kamar awaki a baƙuwar kasuwa. Darakta bai so abin ba, ya ce ɓata lokaci ne ga masu jiran jarrabawa. Da hutu ya zo, Mushe ya roƙa a bar kowa ya tafi gida da nasa. Darakta ya yarda, amma da sharaɗi: in ko ɗaya bai dawo yadda ya fita ba, zai sa wa akwatin kwaɗo, ba a ƙara buɗewa.

Duk wannan a gabana Aliyo ya faɗa wa Baba. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Baba ya juya littafin, ya tambaye shi wa ya ce ya karanta wannan, Aliyo ya ce ba kowa, shi ya zaɓa. Baba ya ce bai taɓa jin karatun da ɗalibi ke yanka wa kansa ba, ko rago ba ya zaɓar wuƙa. Ya hana a kai shi ɗakin da Alƙur'ani yake saboda hoton. Inna ta ce "kayan aro ba ya rufe katara," ta rataye shi a ragayar da take sa ƙwaryar nono, inda ɓera ba ya kaiwa.

Aikina da damina shi ne kai fura gona. In na gama ɗebo ruwa na sha daka, sai in ɗora ƙwarya a ka in bi ta ƙorama, littafin goye a bayana kamar jariri. Baba yakan kishingiɗa a gindin aduwa in rana ta take, mu kuwa mu koma inuwar wani dutse, Aliyo ya karanta shafi da Faransanci, ya juya mini da Hausa. Labarin 'yar wani masunci ne, ubanta ya shiga teku da jirgi bai dawo ba, kowa ya ce a yi sadaka, ita ta ce sai ta gani da idonta. Na tambaye shi mece ce teku. Ya ce tabki ne da ba a hango ƙarshensa, ruwansa kuma gishiri. Na ce ƙarya yake, wa zai zubar da gishiri haka. Ya ce 'yan ajinsu sun yi masa tsiya wai ya ɗauki littafin mata, shi kuwa ruwan bangon ne ya ja shi, don tun da aka haife shi duwatsu yake gani. Na daina zuwa gaɗa, na daina carafke da ƙawayena. Ina tsinkar tafasa ina tunanin ko yarinyar ta ci abinci.

Sai noma ya yi nauyi. Ciyawa ta taso a maimai, Baba ya hana zaman dutse. Da aka sarara kuma zazzaɓi ya kwantar da Aliyo kwana goma sha wani abu. Ya tashi saura kwana uku ya koma, abin da ya rage na littafin bai fi kaurin ganyen albasa biyu ba, yarinyar ta isa wani tsibiri inda aka ce an ga wani baƙo. Na roƙe shi, ya ce idonsa ba ya ɗaukar baƙaƙe, in bari sai baɗi. Ni kuwa na san baɗi wani ne zai zaɓe shi.

A nan tunanin ya zo mini. Na sha ganin wanda karatu ya ƙi zama masa a ka, a kai shi wajen malam, a rubuta a allo, a wanke, ya sha. A hankalina rubutu rubutu ne. Da hantsi, kowa yana gona, Aliyo yana barci a zaure, na sauko da littafin na zaga bayan rumbu da ƙwaryar ruwa. Ban yage ko shafi ɗaya ba, don na san sharaɗin. Cewa na yi in wanke kaɗan kawai in shanya. Na yi bisimilla, na tsoma shafukan ƙarshe, ina murzawa da yatsa yadda malam ke yi. Baƙaƙen suka ƙi fita. Na ƙara murzawa, sai takardar ce ta fara zuwa a hannuna kamar dusa. Ruwan ya yi fari, na rufe ido na shanye shi tas, ɗanɗanonsa kamar na tsohuwar tukunya. Na zauna ina jira in ji ƙarshen labarin a cikina. Ban ji komai ba sai kukan kurciya. Kafin in farga ruwa ya hau cikin littafin, ya kumbura, bango ya saki. Na shanya shi a kan dutse, ya bushe ya manne kamar ƙanzo.

A haka Aliyo ya same ni. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi bakina, ya gane. Na dafe kai ina jiran mari, sai ya durƙusa ya ce, "Dije, wagga ba tawadar malam ba ce." Ya daɗe yana ƙoƙarin ɓamɓare shafukan da farce. Sannan ya tambaye ni a hankali, ba da wasa ba, "To, da kinka sha, ta same shi?" Ashe shi ma bai leƙa ƙarshen ba, yana jira mu isa tare.

Bai faɗa wa Baba ba, bai faɗa wa Inna ba. A koleji ya ce a ƙorama ya faɗi da shi. Darakta ya cika maganarsa. Daga bakin wani ɗan ajinsu da ya zo gaisuwa na ji sauran: an sa kwaɗo, Asabar ta koma ta lissafi, yara sun laƙaba wa Aliyo Jiƙau, sun daina sa hannu a kwano ɗaya da shi har ƙarshen shekara. Mushe ya kira shi sau biyu ya ce ya faɗi gaskiya, ko zai samu abin da zai kare shi da shi, Aliyo ya ce ƙorama ce. Ina bayan zana ina jin wannan, ban fito ba. Da Aliyo ya gama koleji bai ci gaba ba, ya bi masu tafiya bida, neman kuɗi, zuwa bakin teku. Can ya yi rayuwarsa, can aka rufe shi. In ya zo gida yakan kira ni Malama, mu yi dariya, ba wanda ya san dalili.

Shekara arba'in da wani abu na zauna da maigidana, Allah ya jiƙansa, na faɗa masa komai ban da wannan. Bara da aka ɗauke shi, ina cikin takaba, sai na ga ina kuka biyu, na maigidana da na Aliyo, har mata suna ba ni haƙuri a kan ɗaya. Yanzu jikata tana lise, gaba da koleji, ta ce su ma wata malama tana baza musu littattafai su zaɓa, rabin aji kuwa idonsu na kan waya a ƙarƙashin tebur. Ban ga laifinsu ba, ba su san ranar da yara suka ji tsoron miƙa hannu ba. Nakan tuna 'yan ajin Aliyo, ko nawa ne cikinsu suka koma da niyyar ɗaukar na biyu, suka tarar da kwaɗo. Yau duk tsofaffi ne, waɗanda ke da rai, kuma har gobe shi suke zargi.

Ni ce, Dije. Ba ƙorama ba ce.