Tankin da Na Yanka Don In Kamo Ƙanwata

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ɗora komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, na ga saƙonninku, kunya ce ta hana ni amsawa. Yau zan faɗi abin da ya faru, har da wanda ba ya yi mani daɗin faɗa.

Ƙanwata Rukayya, wadda na goya da bayana, tana aure a Ƙanƙara. Bara mijinta ya gama gini, ya sa mata wani ƙaton baho a banɗaki, irin wanda ruwan zafi ke ɓulɓulowa ta gefe. Ran da na je ganin gida ta ja hannuna ta nuna mani. Na ce “Masha Allah” da baki. Zuciyata kau kamar an zuba mata barkono.

Ni ina Faskari, ina koyarwa a firamare. Da bokiti nake wanka tun tasowata, bai taɓa damuna ba sai ranar. In ta sa hoto fatarta na sheƙi, sai in buɗe in duba, in rufe, in sake buɗewa.

Akwai tsohon tankin roba a bayan ɗakina. Na sa aka yanka shi biyu, aka kai rabi makewayi. Maigidana, Baban Walida, ya tsaya yana kallo.

“Wannan kuma na mene ne?”

“Na ciwon baya,” na ce mashi.

Sai in dafa ruwa a babbar tukunya, in sirka, in shiga in zauna har yatsuna su yamutse. Ruwa na wahala a unguwarmu, don haka ba na zubarwa. In rufe da leda, gobe in ƙara tukunya ɗaya ta zafi. Ruwa ɗaya yakan kwana biyar.

A sati na biyu ƙuraje suka feso mani a cinya da ciki da hammata, jajaye, kowane da ɗan farin kai. Ina cikin aji riƙe da alli, ina neman bangon da zan goga bayana.

Na san Rukayya na zuba wa nata ruwan magani. Kira ɗaya zan yi in tambaye ta. Na kasa. Ni da na koya mata wanka?

Sai na ɗauko ruwan da muke wanke fararen kaya da shi, mai warin kulorin, na tuttula ba awo, na shiga wai in kashe ƙurajen.

Ban yi minti goma ba na fito da gudu. Jikina kamar wuta, ido na hawaye, ga tari. Washegari fatar ta fara salewa, ko zane ba na son ya taɓa ni. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ni, ƙurji ɗaya a cinya ya kumbura ya tara mugunya.

Baban Walida ya kai ni asibiti Funtua. Aka ɗebi jini, aka dangwali mugunyar da auduga aka kai gwaji. Likitar ta saurari labarina har ƙarshe ba ta yi dariya ba.

“Malama, ruwan ɗumi da ya kwana da dattin jiki gidan ƙwayoyin cuta ne. Su suka shiga ta ramukan gashi. Abin da kika zuba kuma ya zo ya ƙona fatar. In zazzaɓin bai sauka ba, za mu duba ko cutar ta shiga jini.”

Da na ji “jini” sai Walida da ƙannenta suka faɗo mani a rai. Na yi kuka sosai.

Kwana shida na yi a kwance. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo da sai na ciji gefen mayafi. Kuɗin da muka ware na takin bana, can suka tafi.

Wa ya zo jinya? Rukayya. Ita ke shafa mani magani, ni kuma ina kallon hannunta sumul a kan cinyata da ta sale. Wallahi har a gadon asibiti abin bai sake ni ba. Wata nas ta shigo ta dube mu ta ce, “Hajiya, wannan ɗiyarki ce?” Na juya fuska bango.

Rana ta huɗu tana cikin shafawa ta ce, “Yaya, me ya kai ki shiga tanki?”

“Naki na gani.”

Ta rufe kwalbar maganin.

“Da kin tambaye ni. Nawa sai na tsoma ’yar takardar gwaji kafin in shiga, maganin ma da awo ake zubawa, a kuma wanke matatar da ke tace ruwan. Kuma ai gidana gidanki ne. Ki zo ki shiga duk ran da kike so.”

Ko wannan kirkin nata sai da ya sosa mani rai. Haka nake a lokacin.

A ranar zazzaɓin ya sauka, gwaji ya nuna jinina lafiya lau. Yanzu na koma aji. Tabo baƙi-baƙi na nan a cinya, likita ta ce zai dushe a hankali. Hassadar ma ba zan ce ta tafi duka ba. In ta taso, nakan kira sunan Rukayya in yi mata addu’a har ta lafa.

’Yan uwa, ruwan da kuka jiƙa jiki a ciki kada ya kwana. A zubar, a wanke mazubin da sabulu, ya bushe. Kada ku zuba ruwan wankin kaya a ruwan wanka da ka. Ƙuraje in sun zo da zazzaɓi ko mugunya, a tafi asibiti a ranar. Abin da ba ku sani ba ku tambaya, ko da wanda ya sani ƙaninku ne.

Na gode wa Allah da Ya tashi kafaɗata. Na gode wa likitar da nas-nas, da Baban Walida da bai taɓa yi mani gori ba.

Rukayya, na san za ki karanta. Kwana shida kina kaina, bakina ya ƙi ce maki na gode. Na gode, ƙanwata. Ki yafe wa yayarki.