Muryar Habu da Na Goge

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Habu Kwaciri, wanda Kano ta fi sani da Baba Gwanjo, tsohon nan na finafinan barkwanci mai siririyar murya kamar ta ɗan akuya. Ni na riƙe masa kyamara tun fim ɗinsa na farko, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Lokacin baki ya buɗe, Habu kuwa ya samu nama: sababbin 'yan siyasa masu babbar riga da alƙawarin famfo. Shi ke tsara labari, shi ke ba da umarni, shi ke fitowa. In muna ɗauka a Kasuwar Sabon Gari, har Inyamuran da ba su gama jin Hausa ba sai sun bar shaguna sun kewaye mu.

Amma Habu na gaske ba haka yake magana ba. Muryarsa kakkaura ce, kuma a nutse yake furta kalma. Sau da yawa kyamara na kunne yana gyara wa 'yan wasa tsayuwa, ko yana tsokanata wai hannuna na rawa kamar na mai masassara. Duk wannan ya hau kaset. To, a aikinmu na lokacin, da an gama tace fim sai a ɗora sabon aiki a kan tsohon kaset. Kowa haka yake yi. A wajenmu ni ne mai gogewar, kuma wallahi ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Da Habu zai ga zamanin nan, da ko atishawa mutum ya yi sai an ɗauke shi a waya, da tuni ya yi fim a kai. Ni kam abin ba ya ba ni dariya.

Watan jiya 'yarsa Hauwa, wadda ya bari a goye, ta zo gidana a Fagge. Ta haddace finafinansa kaf. Bayan mun gaisa ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ba Baba Gwanjo nake nema ba. So nake in ji yadda babana yake magana."

Na zazzage kwalayena, na zaga wajen tsofaffin abokan aiki, ko tarinsa ban samu ba. Da ta dawo na gaya mata gaskiya, kunya kamar in nutse. Ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi tunda mun daɗe tare, in kwaikwaya mata kawai.

Na gyara zama, na buɗe baki, sai muryar Baba Gwanjo ta fito. Na sake gwadawa, ita ce dai. Ashe ni ma muryar Habu ta gaske ta ɓace mini.

Hauwa ta yi dariya, yadda kowa ke yi in ya ji ta, sannan ta share ido da gefen hijabi.

Baba Gwanjo yana nan da ransa, yara na tura shi a waya kullum. Habu kuwa, Allah Ya jiƙansa, da hannuna na goge shi.