Gyaran da Aka Rufe Ba a Karanta Ba

A unguwar Rusaifa aka haife ni, nan ƙasa mai tsarki. Kakana ne ya zo daga Kano ta Sudan, bai koma ba. Aikina kula da kwamfutocin wani otal na alhazai a unguwar Jarwal. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, jagoran alhazai ne, kuma ta dalilinsa na shiga wannan ɓacin ran.

Akwai wata manhajar waya da jagorori irinsa suke aiki da ita. Kana shigar da sunayen mutanen ayari da lambar motar kowa, in wani ya ɓace a nemo inda ya fito. Manhajar ba ta wani kamfani ba ce. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk mai iyawa zai iya yin gyara ya aika, sai wasu 'yan kaɗan da ke riƙe da ita su duba, su karɓa ko su ƙi.

Bayan wani aikin Hajji, Kawu ya zo gidanmu cin abincin rana. Bai taɓa shinkafar ba sai da ya ajiye wayarsa a gabana.

"Ɗana, duba mini wannan abin. A Muzdalifa da safe, ana ta rububin shiga motoci, na tsinci wata tsohuwa ta rabu da mutanenta. Ta faɗi sunanta, na rubuta, waya ta ce babu ita. Kafin mu gano motarta ta riga ta tashi. Baiwar Allah tana riƙe da butarta tana kuka."

Na bincika, na ga inda matsalar take. Duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, manhajar haɗiye harafin take yi lokacin ajiyewa. Ko yaya ka rubuta sunan daga baya, ba za ta gane shi ba.

Juma'a uku na ba wa gyaran. Na gwada shi ta kowace fuska, na rubuta bayani da ɗan Turancina, na aika. Mako ya wuce, wata ya wuce. Sau biyu ina yin sallama a ƙarƙashinsa cikin ladabi, shiru. A wata na uku saƙo ya shigo, na buɗe da murna. Ashe ba mutum ba ne, na'urar da suka saka tana share musu tsofaffin saƙonni ce. Ta ce an rufe gyarana saboda babu motsi a kansa.

Babu motsi daga wa? Ni da nake leƙawa kullum kafin in sha shayi? A makon nan na ga abokin babban mai dubawa ya canza launin wani maɓalli, aka karɓa kafin la'asar, har da yabo.

Na sake buɗewa, na nemi bayani. Babban mai dubawar ya amsa da layi biyu: matsalar mutane ƙalilan ta shafa, kuma tsarin rubutuna bai bi ƙa'idarsu ba. Na duba ko'ina, ba inda aka rubuta ƙa'idar. Mutane ƙalilan kuwa, ina karanta wannan ne a ƙofar otal, titin Jarwal cike da alhazan Najeriya da Nijar, Hausa kawai kake ji har ƙarshen layi.

Kawu ya kira ni a ranar. "An gyara?"

"Kawu, ko karantawa ba su yi ba."

"To ka yi shiru ke nan? Halas, an gama?"

"Wa zan gaya wa?"

"Gaya musu a gaban jama'a mana. Ba ka ce komai nasu a buɗe yake ba?"

Rubutuna na farko da Larabci na yi shi, kuma rabinsa zagi ne, sai na goge. Na koma na bi duk gyare-gyaren da na'urar ta rufe, ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukkansu na sababbin shiga ne, wani ɗan Pakistan, wani ɗan tsibirin Jawa, ba wanda mutum ya ce wa uffan. Na jera su a dandalin tattaunawarsu. Na ce kada na'ura ta sake rufe abin da ɗan Adam bai amsa ba, kuma a riƙa dubawa bisa wanda ya riga zuwa. Ƙa'idar da ake ƙin mutane da ita kuma, a rubuta ta mu gani.

Babban ya ce su 'yan sa-kai ne, kada a ɗora musu. Na ce ni ma ɗan sa-kai ne.

Wata mata cikin masu riƙe da manhajar ce ta raba gardamar. Ta rubuta cewa ba ta taɓa duba abin da na'urar ke rufewa ba, kuma ta ji kunya. Ta karanta gyarana layi-layi, ta nuna mini na manta da manyan baƙaƙe, Ƙ da Ɗ da Ɓ. Gaskiyarta ce, kuma ban taɓa jin daɗin a kama ni da kuskure irin na ranar ba. Na gyara, aka karɓa.

An hana na'urar rufewa, an rubuta ƙa'idar. Bin layi kuwa suka ƙi, har yau abokai ne a gaba. Babban bai ba kowa haƙuri ba.

Matar ta nemi in shiga cikin masu dubawa, na yarda. Gyaran ɗan Jawan nan na fara ɗauka, wanda ya shekara a rufe. Aiki ne mai kyau ƙwarai, ya fi nawa tsafta. Na rubuta masa doguwar amsa, na roƙe shi ya dawo mu ƙarasa. Na jira makonni, na sake rubutawa. Bai amsa ba, kuma tun ranar da aka rufe masa bai ƙara aiko da komai ba.