Ranar da Awaki Suka Ci Shanyar Alhaji

Wata huɗu na yi ina koya wa karena kalma ɗaya: "Zauna." Wani maharbi ne ya ba ni shi a kasuwar Azare, ɗan kwikwiyo mai taurin kai. Sai da ya yaga mini tabarma biyu kafin ya fara jin magana. Da ya natsu, shi ke korar awaki daga shanyar kowa a layinmu, har da ta maƙwabcina Alhaji.

Sakayyar da Alhaji ya yi masa ita ce tafasasshen ruwa a gadon baya, wai ya shinshina butar alwalarsa. Sati uku ina shafa masa man kaɗanya, gashin wurin bai sake fitowa ba. Na riƙe abin a raina.

Da kaka ta yi, Alhaji ya baza wakensa a ƙofar gida, ya tafi Dambam ɗaurin aure. Awaki suka zo. Karen ya zabura zai kore su, ya waiwayo ya dube ni.

Na ce, "Zauna."

Ya zauna. Na ɗora hannu a kan tabon, muka zuba wa awakin ido har suka ƙoshi.