Iskar Tifa a Tayar Madam

Manniru bai yarda da taya mai tumbi ba. A wurinsa tayar kirki ita ce wadda ta tsaya ƙyam, in ka buga mata ƙarfe ta amsa da ƙara mai zaƙi. A wuraren fasa dutse na Mpape ya yi wannan karatu, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gangaro da tifa cike da tsakuwa. Da ƙugu ya fara ciwo ya bar tifa, amma bai bar guntun ƙarfen da yake gwada taya da shi ba. Da abinsa ya zo Maitama neman aiki, a naɗe cikin tsumma.

Madam Lucia ce ta ɗauke shi, wata mutuniyar Jos mai yin kek ɗin biki, irin mai hawa-hawa ɗin nan da ake tausayin yankawa. Direba take nema mai sanyin hannu, ta kuwa samu. A majalisar mai shayi Manniru yakan ce ko kofi ka cika ka ɗora masa a gaban mota ba zai zuba ba. Akwai ƙarin gishiri a ciki, amma gaskiya kek bai taɓa karkacewa a hannunsa ba. Da wannan hannun yake riƙe da ɗakinsa na Mpape da makarantar 'ya'yansa mata, kuma yana ji da shi ƙwarai.

Ana gab da shiga lokacin bukukuwa Madam ta sauya wa motar tayoyi duka, sababbi fil. Manniru ya zagaya su ya ga kowace ta ɗan yi tumbi daga ƙasa, ya buga ƙarfe ya ji wani sauti kamar an bugi katifa. Tausayin Madam ya kama shi. Washegari da aka aike shi shan mai sai ya ratse wurin Yamusa mai faci, tsohon abokinsa a mahaɗar Mpape, ya ce a ƙara wa na baya iska, tunda duk wanda ya ja tifa ya san baya ne ke ɗaukar kaya. Gejin auna iska na Yamusa ya daɗe da mutuwa, shi kuma ba ya gardama da mai kawo ciniki. Yana ɗura iska Manniru na bugawa, har sai da taya ta yi kukan da kunnensa ke so.

A cikin gari lafiya lau. Amma ranar da suka hau titin filin jirgi ya ɗan taka, sai bayan motar ya fara rausaya, ya yi dama ya yi hagu, sitiyari kuwa yana riƙe gam. In tirela ta gifta, ko suka hau mahaɗin gada, abin ya ƙaru. Suka isa da kek ya sunkuya kamar mai gaida surukai.

Madam ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Matsowa ta yi tana shinshina iska a wayance, sannan ta tambaye shi ko yana samun barci, ko idanu sun fara gajiya. Da abin ya sake faruwa a hanyar Kubwa ta kira shi gefe.

"Manniru, Saturday akwai babban kek zuwa Gwagwalada. In ya kai a kwance, ka ba ni key na. Ba faɗa."

Ya ce to. Ya ji tsoro sosai, don ya san direba mai furfura ba ya samun wani gidan da sauƙi.

Ya shiga bincike haiƙan. Ya bi notunan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure tamau. Ya ɗaga motar da jak ya girgiza kowace taya, babu mai motsi. Ya danna but da dukan nauyinsa ya saki, motar ta ɗago ta tsaya cak, shokozoba ba ta da laifi ke nan. Ya kwashe komai na cikin but har da tabarmar sallarsa. Da ya rasa mai laifi sai ya yanke hukunci cewa tayoyin bayan har yanzu ba su ƙoshi ba, ya koma wurin Yamusa aka ƙara musu. Rawa ta koma tsalle. Matarsa Ikilima ta ce bakin mutane ne, tunda shi ba ya iya yin shiru da zancen kofin shayi, ta ba shi turare ya banka wa motar. Motar ta yi ƙamshi, ta ci gaba da rawarta.

Ana jibi biki dabara ta faɗo masa: ya mai da tayoyin baya gaba, na gaba baya. Ya hau titi, sai baya ya natsu, sitiyari kuma ya yi sakayau yana yawo a hannunsa. Ciwon ya bi tayoyin ke nan. Ya yi murna ya kama ɓarawo, ya nufi shagon da Madam ta saye su da jawabinsa a baki.

Wata ma'aikaciyar shagon mai suna Kindness ta saurare shi har ya gama, sannan ta tsuguna ta soka geji a bakin tayar. Allura ta yi sama kamar za ta fita. Ta cire ta sake sokawa.

"Baba, wa ya sa maka wannan iska? Wannan ai na tifa ne. Taya ya kumbura, tsakiya kawai yana taɓa ƙasa, yaya ba zai yi dancing ba? God ya taimake ku bai fashe ba."

Manniru ya nuna mata tumbin sauran biyun, ta ce haka aka yi su, tumbin ne ke riƙe titi. Ya buɗe baki zai ce wani mai faci ne, sai ya tuna wanda ke tsaye yana cewa a ƙara, a ƙara. Ya karɓi wani tsinke a hannunta ya danna bakin tayar da kansa. Iska ta yi ta fita da dogon tsaki, shi kuwa bai ɗaga kai ba har Kindness ta ce ya isa.

Ranar Asabar Madam ta zauna a baya tana rungume da kwalin kek. Motar ta miƙe ɗoɗar kamar an ja zare, tireloli na wucewa ko gezau. A Gwagwalada aka buɗe kwali, kek yana tsaye da ango da amaryar sukari a samansa. Madam ta tambaye shi me ya sami motar da.

"Direba ne ya same ta, Madam," in ji shi, ya kwashe labari ya faɗa mata, bai sa sunan Yamusa ba.

Ta yi dariya har da riƙe ƙofar mota. Da ta natsu ta miƙo hannu, ya fara laluben makulli a aljihu.

"Ba key ba," ta ce. "Wannan ƙarfe naka."

Ya ciro shi daga ƙarƙashin kujera, a naɗe cikin tsummansa, ya miƙa mata da hannu bibbiyu. Yanzu da shi ake tokare ƙofar kicin a Maitama. Kullum da safe Manniru yakan zagaya motar yana kallon tumbin tayoyin nan huɗu, hannuwansa a goye a baya, don kada su yi abin da suka saba.