Yatsun Baba Mai Guga

In ka bi layin da ke bayan kasuwa da hantsi, kafin idonka ya kai ga shagon Baba Mai Guga hancinka zai riga shi. Ƙamshin sitati ne da tururin dutsen guga, sai 'yar waƙar da yake yi ƙasa-ƙasa, wadda ba kai ba gindi. Shekara arba'in da ɗoriya yana wanki da guga a nan. Baho uku ne a bayan shagon, igiyar shanya huɗu, da wani tebur mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da guntun katako tun kafin a haifi autarsa. Riga in ta fito daga hannunsa, mai ita ma sai ya ji tausayin sa ta.

Ba ya jiƙa kaya sai ya lalube aljihu. Abin da ya tsinta na mai shi ne, ko allura ce. Amma tarkacen takardun da aka ce ya zubar, a tsohon gwangwanin madara yake tara su: guntun tikitin jirgi, katin ɗakin otal, da ire-irensu. Wanda ya fi so shi ne wani ɗan kati da ya fito daga aljihun wani ɗan kasuwa, mai hoton ƙaramar mota rataye a igiya tsakanin duwatsu biyu, mutane a ciki suna leƙen ƙasa.

"Zo ki gani," yakan ce wa matarsa, wadda duk layin ke kira Inna. "A wata ƙasar mutane ake shanyawa."

"To ka je su shanya ka mana, ko ka bushe mu huta."

Su wasa suke yi. Auta ce ba ta ɗauke shi wasa ba. Ma'aikaciyar jinya ce, mai shiru-shiru da taurin kai irin na uban. Shekara biyu tana shiri a ɓoye, rannan sai ga ta da jakar takardu. Yawon buɗe ido na kwana goma ta shirya musu, shi da Inna, a ƙasar nan ta motar igiya. Baba ya yi ta goge wuyan riga ɗaya har ya kusa ƙone shi. Daɗi ne ya ɗauke masa hankali.

Daga nan aka shiga hidimar takardu. An yi fasfo, duk da sai da aka sha fama da shi wajen dangwala yatsa, aka lallaɓa. Na biza kuwa Auta ta jero musu sharuɗɗa kamar tana karanta takardar magani: fasfo da sauran fiye da wata shida kafin ya ƙare, hoto mai farin bango ba murmushi, tikitin zuwa da dawowa, shaidar masauki, takardar banki, da wasiƙar da ke nuna yana da sana'ar da zai dawo wa.

"Wannan kam su zo su ga baho," in ji Baba.

Saura mako biyar jirgi ya tashi suka je ofishin biza. Inna ce ta fara. Ta ɗora yatsunta a kan wani ɗan gilashi, na'ura ta yi ƙara, fitila ta nuna kore, shi ke nan. Baba ya matso da farar rigarsa mai kari kamar bakin wuƙa, ya ɗora nasa. Ja. Ya goge a jikin wando ya sake. Ja. Jami'ar da ke bayan tebur ta ce ya buɗe tafin hannunsa ta gani. Yatsun sumul suke, suna sheƙi, ba zane ko ɗaya. Sabulu da ruwa sun cinye su tas.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

"Wanki, 'yata."

"Na gani. Zanen yakan dawo in an bar hannu ya huta. Zan ba ka mako uku. Ban da sabulu, ban da jiƙa hannu a ruwa, ka riƙa shafa mai safe da yamma. In ka wuce haka, ko na'urar ta karɓa, bizar ba za ta riski jirginku ba."

Mako uku! Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa raba shi da baho kwana biyu ba. Auta ta kawo masa safar hannu ta roba, ya sa ya cire kafin ya gama riga ɗaya, wai ba ya jin datti da ita. Sai Auta ta kafa doka: guga kaɗai, shi ma da safar auduga. Wanki kuwa Inna ta ɗaura zani ta ce nata ne, tunda yatsunta sun riga sun ci jarrabawa.

Haka Baba ya koma zaman kujera da hannuwa sharkaf da mai, a ɗage kamar na likitan da zai shiga tiyata. Hannun ne ya huta, bakin bai huta ba. A fara da wuyan riga. Bular ta yi yawa. Ba haka ake matse lilin ba. Maƙwabta kan leƙo su gaishe shi da "ango", ya yi kamar bai ji ba.

Ranar kwana na tara wani lauya, tsohon mai kawo masa kaya, ya aiko da farar riga da tabon tawada a aljihu. Inna ta wanke sau biyu, tabon ya dushe amma bai fita ba. Baba ya dube shi, ya kau da kai, ya sake dubawa. Da Inna ta juya wajen shanya sai ya sulale ya tsuguna gaban baho. Yatsunsa sun kusa taɓa kumfa ya ji muryarta a kansa.

"Malam."

"Ɗan gefen nan kawai zan..."

"Tsoma. Tsoma mana. Sai ka kira Auta ka gaya mata shekara biyun da ta yi tana aikin kwana rigar lauya ta fi su. Ni kuma in tafi ni kaɗai a shanya ni."

Kunya ta kama shi. Ya miƙe ya koma kujerarsa, ya ƙara shafa mai. Rigar ta koma wa lauya da inuwar tabonta, karo na farko a tarihin shagon, kuma lauyan bai ma lura ba. Wannan ya fi tabon yi wa Baba ciwo.

Ranar da mako uku suka cika, ya ɗora yatsu huɗu a kan gilashin. Na'urar ta yi jim, kamar tana shawara. Kore. Ɗaya hannun sai da aka maimaita sau uku, sannan shi ma ya shiga. Jami'ar ta juyo masa da fuskar kwamfutar don ya gani. Ga zane-zanen yatsunsa nan baƙi-baƙi, layi a bayan layi, suna zagaye kamar ruwa a baho.

"Nawa ne waɗannan?"

"Naka ne, Baba. Duk duniya ba mai irinsu."

"Ashe suna nan," ya ce, yana dariya, idonsa ya kawo ruwa.

Wajen saukowa matakalar ofishin ya kama hannun Inna saboda gwiwarta. Nan ya tsaya cak. Shekara da shekaru yatsunsa ba sa jin abu sosai, yau kuwa sun ji komai. Tafin hannunta ya yi kaushi, gaɓoɓin sun tsattsage, gefen babban yatsa ya ɗaye. Mako uku yana zaune yana gyara mata matsar lilin, bai taɓa duban hannun da ke matsar ba.

"Me ya tsayar da kai? Mutane na bayanmu," in ji Inna.

Da suka isa gida ya zaunar da ita a kujerarsa, ya ɗauko sauran man, ya tsuguna yana shafa mata yatsa bayan yatsa.

"Malam, kaya na jiƙe a baho."

"Su jira. Yanzu kuma naki makon ukun ne."

Bizar ta fito saura kwana huɗu su tashi. Auta ce ta haɗa musu akwati, ta tarar Baba ya riga ya sa nasa kayan a aljihun gefe: ɗan katin motar igiya, da sabuwar kwalbar man shafawa.